Yadda Ake Tsara Matsayar Jirgin Ruwa: Misalin Makango

Makango gari ne a bakin tafkin Volta, kudu da Salaga, a ƙasar Gana. Daga nan jirgin fito ke ƙetarewa zuwa Yeji. Tsohuwar hanya ce, domin ta Yeji fatake suka riƙa kawo goro daga ƙasar Asante zuwa kasuwar Salaga a ƙarni na 19. A wancan zamani kogi ake ƙetarewa da kwale-kwale. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, sai ruwa ya malale ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500. Tun daga nan gaɓar ta daina zama wuri ɗaya, kuma wannan shi ne babban abin da mai tsara matsayar jirgi zai yi la'akari da shi.

Mataki na farko shi ne sanin hawa da saukar ruwa. An tsara madatsar ta yi aiki tsakanin tsayin ƙafa 240 da ƙafa 278, wato bambancin ƙafa 38, fiye da mita 11. Ruwa kan cika wajen Oktoba da Nuwamba, ya yi ƙasa sosai wajen Yuni da Yuli. A 1984 da 2007 ya sauka ƙasa da ƙafa 240, a 2023 kuwa ya cika har aka buɗe ƙofofin madatsar. Saboda haka injiniya kan duba bayanan shekaru masu yawa kafin ya ja layi ko ɗaya.

Mataki na biyu shi ne binciken wurin. Ana auna zurfi, a haƙa ƙasa a ga ko laka ce ko dutse. Ana kuma neman kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da tafkin ya cika, domin sukan fasa jirage.

Mataki na uku shi ne sanin masu amfani da wurin. Motar da ta ɗauko doya daga yankin Salaga ko Yendi, ko albasa daga Bawku, tana bukatar daɓe mai ɗaukar nauyi. Masu kwale-kwale da mata 'yan kasuwa kuwa suna bukatar gefensu dabam, don kada su cakuɗa da motoci.

Sai bayan haka ake zaɓen siffa. Dandamali mai tsayi ɗaya ba zai yi ba: da ruwa ya janye sai ya rataye a sama, da ya cika sai ya nutse. Abin da ya dace shi ne gangaren kankare, wanda jirgi zai sauke ƙofarsa a kai duk inda ruwa ya tsaya. Lissafinsa mai sauƙi ne. Idan gangaren na sauka mita 1 a kowace mita 10, to bambancin mita 11 zai bukaci tsawon da bai gaza mita 110 ba. Ƙananan jirage kuma ana iya yi musu dandamali mai shawagi, wanda ke bin ruwa sama da ƙasa.

Mataki na ƙarshe shi ne tsara lokacin gini da gyara. Ana zuba kankaren ƙasa sa'ad da ruwa ya fi janyewa. Idan aka bari ya dawo, to sai a jira wata shekara, kuɗin aiki kuma ya ƙaru.