Mu Riƙe Irin Tumatir Namu na Gida

Da zarar damina ta wuce, ruwa ya janye daga fadamun Maggiya, sai mutanen Birnin Kwanni, Malbaza da Illela su koma garka. Tumatir yana cikin abubuwan da muka fi shukawa, domin miya ba ta cika sai da shi. Amma a yau da yawa daga cikinmu kasuwa muke zuwa sayen iri kowace shekara, irin da iyayenmu suke ajiyewa kuma yana ta ɓacewa.

Mu dubi albasar Galmi. Manoman ƙasar nan ne suka yi ta zaɓen irinta suna ajiyewa, har ta yi suna a kasuwannin Abijan da Akkara. Tumatir ma haka ne. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, amma wanda ya daɗe a garkarmu ya saba da zafinmu da ƙasarmu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bambancin iri biyu

Irin kasuwa mai alamar F1 a jikin takardarsa haɗe-haɗe ne. Yana ba da ƴaƴa da yawa a shekarar farko. Idan muka ɗebi iri daga cikinsa muka sake shukawa, ƴaƴan ba za su yi kama da uwar ba, dole mu sake fitar da kuɗi. Irin gida kuwa furensa yana barbarar kansa, saboda haka abin da muka shuka bana shi za mu samu baɗi.

Yadda ake cire iri

Mu zaɓi shukar da ta fi lafiya, wadda ganyenta bai nannaɗe ba. Mu bar ƴaƴanta su nuna sarai. Mu matse ƙwayoyin da ruwansu a cikin ƙaramar ƙwarya, mu ajiye a inuwa kwana 2 zuwa 3. Tsamin da zai yi shi ne yake narkar da yauƙin da ke rufe ƙwayar. Bayan haka mu zuba ruwa mu wanke. Ƙwayar kirki takan nutse, maras amfani ta taso sama, sai mu zubar da ita. Mu shanya a kan tsumma a inuwa, ba a rana ba. In ta bushe ƙarau, mu zuba a kwalba da ɗan toka, mu toshe, mu rubuta shekara a jiki, mu ajiye a wuri mai sanyi.

Shuka da kulawa

Muna yafa iri a watan Oktoba ko Nuwamba. Bayan kamar kwana 25 zuwa 30 sai mu dasa da marece, mu bar santimita 50 tsakanin shuka da shuka. Mu sa takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Mu zuba ruwa a gindi, kada mu jiƙa ganye. Kada mu dasa tumatir inda aka cire yalo, barkono ko tumatir, domin ƙananan tsutsotsi masu kumbura saiwa suna nan cikin ƙasa. Gurbin albasa ya fi.

Mu riƙa duba ƙarƙashin ganye. Farin ƙuda ne yake kawo ciwon nannaɗewar ganye. Akwai kuma tsutsar Tuta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Mu tsinke ganyen da ta huda mu binne. Ruwan dakakkun ƴaƴan bedi yana rage ƙwari. Wanda zai sayi maganin feshi, ya fara tambayar malamin gona yawan kwanakin da zai jira kafin tsinka.

Amfaninsa ga jiki

Tumatir yana da bitamin C, mai taimaka wa dasashi da warkewar rauni. Mu wanke shi da ruwa mai tsabta kafin mu ba yara ɗanye. In ya yi yawa lokacin sanyi, mu yanka mu shanya kauɗa a kan tabarma, nesa da ƙura da dabbobi, domin miyar bazara.

Har yanzu akwai dattawa, maza da mata, masu ƙullin tsohon iri a ɗaki. Mu je mu roƙa, mu shuka ko kwami biyu ne a bayan gida, in mun samu mu ba maƙwabci. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.