Dakalin Gefen Titi A Bakin Lakwal: Gyaransa Da Tsaronsa Na Hannun 'Yan Kasuwa

Duk wanda ya san Birnin Ƙonni ranar Laraba, ko Maraɗi ranar Litinin da Juma'a, ya san abin da ake kira cunkoso. Tun kafin rana ta ɗaga, kamyo masu ɗauke da albasa da wake da siminti sun yi layi, 'yan kabu-kabu na kurɗawa, amalanken shanu da na jakai na neman wurin sauke kaya. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, waɗannan ranakun kasuwa duk ranakun karatu ne. A daidai lokacin da ciniki ke buɗewa, a lokacin ne dubban yara ke fitowa da jakunkunansu za su lakwal, kuma a makarantun da ake komawa da yamma, sau 4 yaro ke bin hanyar nan a yini guda.

Yawancin garuruwanmu na bakin iyaka titi ne ya raya su. Ƙonni tana kan babbar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Diffa, ga kuma reshen da ya shiga Illela ta jihar Sakkwato. Maraɗi kuwa hanyarta ta bi ta Ɗan Isa ta faɗa Jibiya da Katsina. Saboda haka kasuwa da tasha da makaranta duk wuri ɗaya suke kallo, wato bakin kwalta. Abin da ya raba yaro da tayar mota shi ne ɗan dakalin nan na gefen titi da aka yi domin masu tafiya a ƙasa. Inda dakalin ya fashe, ko aka cika shi da kaya, yaro ba shi da zaɓi sai ya sauka kan kwalta.

Abin da alƙaluma suka nuna

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar haɗarin hanya, kuma fiye da kashi 1 cikin 5 nasu masu tafiya a ƙasa ne. Rahoton ya ƙara da cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, sannan idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ta fi kowane yanki asarar rayuka.

Lissafin gudu ma ba boyayye ba ne. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, tun direba bai kai ƙafa ga birki ba. Mai tafiyar kilomita 30 kuwa mita 8 da 'yan kai take ci. Shi ya sa taron ministocin ƙasashen duniya da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Ga shi kuma yaro gajere ne, direban kamyo daga can sama ba ya hango wanda ke dab da gaban motarsa.

Yadda dakali ke mutuwa

A shekarun baya an shimfiɗa sababbin tituna da magudanan ruwa a manyan biranen Nijar albarkacin bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi, kamar Maraɗi Kwalliya a 2015, Tahoua Sakola a 2017 da Zinder Sabuwa a 2018. Gini abu ne mai sauƙi in akwai kuɗi, riƙo shi ne aiki.

Bulon pave a kan yashi ake jera shi, kuma abin da ke riƙe da shi shi ne kangon simintin da aka kafa a bakinsa. Ranar da kamyo mai nauyin kaya ya hau don a sauke buhuna a ƙofar shago, kangon ya kan tsage. Daga nan bulo ya fara motsi, ruwan damina ya shiga ya kwashe yashin ƙasa, sai rami. Bulon da ya saki kuma ba ya kwana, wani ya ɗauka ya tokare tebur, wani ya yi murhu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka murfin simintin da ake rufe lambatu da shi. An yi shi domin ƙafar mutum, in taya ta taka sai ya karye, bakin lambatu ya zauna a buɗe yana jiran ƙafar yaro. Leda kuma ta toshe magudana, duk da cewa tun 2014 doka ta hana shigo da leda marar ruɓewa da sayar da ita a Nijar. In ruwa ya rasa hanyarsa sai ya bi ta mutane. Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda ta yi ɓarna sosai a jihar Maraɗi, har aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Dakali da yawa lafiyarsu lau, mu ne muka mamaye su. Mai tebur ya kafa, mai sayar da mai a kwalba ya jera, mai faci ya baza tayu, mai shago ya ƙaro rumfar kwano har bakin kwalta. Kowa na neman halaliyarsa, ba mu musa ba, amma wurin da aka ci na yaro ne, kuma yaron nan ɗanmu ne ko ɗan maƙwabcin rumfa.

Darasi daga Tanzaniya

A birnin Darussalam na ƙasar Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun da yara suka fi samun rauni a hanya, ta yi musu ƙananan ayyuka: dakalin tafiya, tudun rage gudu, zanen wurin tsallakawa, turakun da ke hana mota hawa, wani wurin ma har da sauya ƙofar makaranta zuwa ɓangaren da ba cunkoso. Binciken da aka gudanar ya nuna raunin da yara ke samu ya ragu da kashi 26 cikin 100, kuma aikin ya ci kyautar Ross ta birane a 2019. Babu gadar sama a ciki, babu abin da magina da maƙeran garuruwanmu ba za su iya ba.

Abin da ya rage gare mu

Babban gyara haƙƙin meri ne da ma'aikatar da ke kula da hanyoyi, kuma masu biyan kuɗin rumfa da na tebur suna da bakin tambaya. Amma koken mutum ɗaya ba ya nisa. Idan shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi da kwamitin makaranta na COGES suka zaga tare, suka ƙirga ramuka da murafan da suka karye, suka kai takarda guda, maganar za ta fi nauyi.

Akwai kuma abin da ba ya jiran kowa. A bar aƙalla mita 2 a buɗe tun daga ƙofar makaranta har mararraba ta farko, duk mai tebur ya ja baya. A daina lodi da sauke kaya a wannan tsakanin lokacin shiga da tashin yara, a keɓe wa kamyo wani wuri. A kafa turakun ƙarfe ko na siminti a bakin dakali domin taya ta daina hawa. Bulon da ya saki a mayar da shi a makon, tun buhun siminti ɗaya na isa. A yashe lambatu a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a sake dubawa a Satumba kafin a koma karatu. Ranar kasuwa kuma a samu dattijo ko matashi guda da zai tsaya ya tsallakar da yara.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin tasha na Ƙonni, Maraɗi, Ɗan Isa, Gaya, Matamai da Magarya da su sa wannan magana cikin taronsu na gaba. Mun saba haɗa kuɗi domin mai gadi da gyaran rumfa in gobara ta auku, don haka tsarin yana nan, ƙari kawai za a yi. Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa, amin.