Kura a Ramin Ngorongoro

Mai zuwa yawon buɗe ido a Ngorongoro, arewacin Tanzaniya, dabbobi biyar ne a ransa: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Tun da asuba motoci ke gangarawa cikin ramin, mai zurfin wajen mita 600, direbobi na kiran juna ta rediyo don jin inda zaki ya kwana. Kura kuwa ga ta kwance cikin taɓo a bakin hanya, kunne a yage, da wuya a tsaya mata. Bahaushen da ke cikin motar ya fi kowa saurin kau da kai, don tun yana goye aka gabatar masa da ita: wawiyar da Gizo ke wasa da hankalinta, makwaɗaiciya, wadda ba a ba ta ajiyar nama.

A nan ramin ne aka fara wanke ta. A shekarun 1960 wani masani ɗan ƙasar Holan, Hans Kruuk, ya riƙa bin kuraye cikin dare a Ngorongoro da Serengeti, ya fitar da littafinsa a 1972. Ya tarar cewa mafi yawan abin da kura ke ci ita ta kashe da kanta, kuma a cikin ramin sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Baƙo ya iso da hantsi, ya ga zaki a kan nama, kuraye na kewaye suna kuka, sai ya ce ga mabarata suna jiran saura. Alhali su suka kwana suna gudu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardin nan kuwa mai geza ne.

Kura ba ta laɓe kamar damisa. Takan kutsa cikin garken nyumbu, dabbar nan mai kan sa da gemu, ta tarwatsa su, ta lura da mai ɗingishi, sannan ta bi shi da gudun da kan kai kilomita 60 a awa har ƙarfinsa ya ƙare. Jakin dawa sai an yi masa taro, don namijin yana kare iyalinsa da harbi da cizo. In ta kayar, ba ta barin ƙashi ko kofato. Mukan ce da kura na da maganin zawo da ta yi wa kanta, amma kashinta a filin Serengeti busasshe ne, fari fat, saboda ƙasusuwan da cikinta ya narkar.

Abin da ya fi kama ni shi ne zaman gidanta. Tun 1988 wata masaniya, Kay Holekamp, da ɗalibanta ke nazarin kuraye a Masai Mara ta Kenya. Mace ce ke mulki, ta kuma fi namiji jiki. 'Ya tana gadon matsayin uwarta, namiji kuwa in ya balaga sai ya bar dangi ya je wani garke ya fara daga ƙasa. Bayan ciki na kimanin kwana 110 ake haifar 'ya'yan baƙaƙe, ido a buɗe, haƙori a fito, su sha nono fiye da shekara. A Serengeti, in garkunan nyumbu suka yi ƙaura, uwa kan yi tafiyar kilomita gommai ta ci, ta kwana biyu ko uku, ta juyo da ƙafarta zuwa bakin ramin da ta bar su. Babu tatsuniyar da ta ba mu wannan labari.

Tsoron da ake jingina mata kuma lissafi ne. Kura ta san gidan mai babbar sanda: namijin zaki yana kashe ta, don haka in ya bayyana sai ta ja da baya, amma in zakanya ce kaɗai kuma kuraye sun yi yawa, su ke korar ta.

Ban ce makiyayi ya yi ƙarya ba. Masai da ke kiwo a gefen gandayen dajin nan suna rasa awaki da tumaki cikin dare, kamar yadda kakanninmu suka rasa. Wasu kan rama da zuba guba a mushe, gubar kuma ba ta tsayawa kan kura: ungulayen da suka sauka a kan naman su ma nan suke zubewa.