Ƙararrawa sama da ɗari a ɗaki guda: yadda kwamfuta ta zama mataimakiyar masu tuƙa tashar nukiliya

Da misalin ƙarfe 4 na asubar ranar 28 ga Maris 1979, famfunan da ke kai ruwa a sashe na biyu na tashar nukiliya ta Three Mile Island, a jihar Pennsylvania ta Amurka, suka tsaya. Cikin 'yan mintoci ƙararrawa sama da 100 suka ɗauki ƙara a ɗakin sarrafa tashar. Ma'aikatan da ke bakin aiki ƙwararru ne, amma fa ido biyu gare su kamar kowa. Wace za su fara dubawa?

Asalin matsalar ƙarama ce. Wani bawul da ke rage matsin tururi ya buɗe kamar yadda aka tsara, sai ya maƙale bai rufe ba. Fitilar da ke gaban ma'aikatan ta nuna kamar ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. Ruwan da ke sanyaya tukunyar nukiliyar ya yi ta zuba. Su kuma da suka zaci ruwan ya yi yawa, sai suka rage wanda famfunan gaggawa ke turawa. Sai bayan fiye da awa biyu aka gano inda gizo ke saƙa, aka toshe hanyar. Kafin ƙura ta lafa, kusan rabin makamashin da ke cikin tukunyar ya narke.

Akwai kwamfuta a ɗakin, amma na'urar da ke buga saƙonnin ƙararrawa a takarda ba ta iya bin saurin abubuwan ba, tana fitar da labarin da ya riga ya wuce. Kwamitin da shugaba Jimmy Carter ya naɗa ƙarƙashin John Kemeny ya nuna cewa tsarin ɗakin da irin horon da aka ba ma'aikata suna cikin manyan dalilan haɗarin.

Daga nan hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta wajabta wa tashoshi kafa wani allo da ake kira SPDS. Aikinsa shi ne ya tattaro muhimman alƙaluma a wuri guda: zafin tukunya, yanayin ruwan sanyaya ta, matsi, da tiririn nukiliya. Da kallo ɗaya mutum zai san ko tashar na cikin aminci. Daga baya aka samu manhajojin da ke tace ƙararrawa, su fito da mai muhimmanci, su jinkirta waɗanda suka biyo bayanta.

Faransa, wadda ta shafe shekaru da dama tana sayen yuraniyom ɗin Arlit, ta ƙara gaba. A tashoshinta na Chooz B da Civaux, waɗanda aka haɗa da layin wuta a shekarun 1990, ma'aikaci yana zaune ne gaban allunan kwamfuta, matakan da zai bi lokacin haɗari suna bayyana masa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka an ajiye allon maɓallai irin na da a gefe, ko da kwamfutar za ta ƙi aiki.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Wanda ya saba na'ura na nuna masa hanya, yana iya daina tambayar ko ta yi kuskure. Kuma kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da na'urorin awo suka gaya mata. In sun ba ta ƙarya, ƙaryar za ta miƙa. A Fukushima ta Japan, a Maris 2011, da wuta ta ɗauke allunan suka mutu, sai da ma'aikata suka ciro baturan motoci suka jona don su iya karanta awon ruwa da matsi.

Wannan magana ta shafe mu. A Afirka, tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu ce kaɗai ke ba da wutar nukiliya a yau, Masar na gina tata a El Dabaa, Gana kuma na shirin tata. Duk ƙasar da za ta shiga layi, kuɗin tukunya ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Sai ta horar da mutanen da za su zauna a ɗakin nan tsakar dare, waɗanda suka san lokacin da za su yarda da allo, da lokacin da za su ce masa a'a.