Ko Kun Sani?

Akwai lokacin da fasfo kaɗai ba ya shigar da yaro Afirka ta Kudu, ko da uwa da uba na riƙe da hannunsa. Daga 1 ga Yuni, 2015, sai an nuna cikakkiyar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen iyayensa. In ɗayansu ne ya zo da shi, sai ya haɗa da takardar rantsuwa cewa ɗayan ya amince. Gwamnati ta ce safarar yara take son toshewa, amma masu harkar yawon buɗe ido suka yi ta kokawa. A Nuwamba 2019 aka ɗage wa yaran baƙi da ke tare da manya. 'Ya'yan ƙasar kuwa, ba a ɗage musu ba.