Mai Tsara Fuskar Caca a Wayar Hannu

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a Zangon Tamale ranar da ake buga gasar Firimiya ta Ingila, zai ga yadda idanu ke rabuwa biyu, ɗaya a kan talabijin, ɗaya a kan wayar hannu, inda ake zuba kuɗi a kan wasan da bai ƙare ba. Abin da ƙalilan daga cikinsu suka sani shi ne, akwai wani ma'aikaci, a Accra ko a wata ƙasa mai nisa, wanda sana'arsa ita ce tsara fuskar manhajar cacar, domin yatsa ya isa ga maɓallin caca ba tare da mashaƙƙa ba.

Shi ne mai zaɓen launi, mai auna girman lambobi, mai rage matakan da ke tsakanin kuɗin da ke asusun wayar hannu na MoMo da takardar caca, har ya zamana kafin zuciya ta yi shawara, hannu ya riga ya aikata. Haƙiƙa akwai hikima a ciki, amma hikimar mai ɗana tarko ce.

Dokar caca ta Gana ta 2006 ita ta kafa hukumar da ke ba kamfanoni lasisi, kuma ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga. A 2023 aka aza harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci, a 2025 aka soke shi. Malamanmu kuwa, tun fil'azal suke karantar da hukuncin maisir, wato caca, daga Suratul Ma'ida, kuma kyawun maɓalli bai sauya wannan hukunci ba.