YADDA AKE RENON ITACEN FAYIN

Duk wanda ya bi ta Jos ko Miyango ko tsaunin Mambila ya ga wani dogon itace miƙaƙƙe mai ganye kamar allura, wanda yake kore shar rani da damina. Shi ne fayin. Yara kuwa sun fi saninsa da itacen Kirsimeti. Dangi ɗaya suke da al'ul na Lebanon, wanda Sarki Sulemanu ya yi aikin Haikali da shi.

Irin da aka fi shukawa a ƙasarmu, Pinus caribaea, asalinsa daga Amurka ta Tsakiya ne da tsibiran Karibiyan. Yakan kai tsawon mita 30. Kada mu rikita shi da kasharina, wadda take feɗuwa in iska ta kaɗa. Ganyen fayin na gaske a ɗaure yake fitowa, galibi uku-uku.

Ga abin da ya fi ka da masu shuka. Saiwar fayin ba ta iya jan abinci sosai ita kaɗai, sai da taimakon wata irin fumfuna da take manne mata a cikin ƙasa. Fumfunar tana jawo wa itacen ruwa da abinci, shi kuma yana ciyar da ita. In babu ita, sai dashen ya yi rawaya, ya tsumbure, kome yawan takin da muka zuba. Saboda haka in za mu cika leda don reno, sai mu ɗebo ƙasa kaɗan daga gindin tsohon fayin mu gauraya. A ganinmu ma ya fi sauƙi a sayi dashe wurin ma'aikatan gandun daji, gama sun riga sun yi wannan.

Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, wajen watan Yuni. Mu zaɓi fili mai samun rana, inda ruwa ba ya kwanciya. A bar mita 3 tsakanin rami da rami, a kuma yi nesa da gini da wayar lantarki. A yage ledar a hankali, kada ƙasar ta warwatse.

Shekara biyu na fari su ne masu wuya. A riƙa nome ciyawa, a yi ban ruwa a ranin farko, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ɗalibai, kada ku karya kan itacen don ado! In ya karye sai ya yi rassa biyu, miƙewar ta ɓaci. Kuma shi ba kamar dalbejiya ko turare ba ne, in aka sare shi ba ya tohowa.

Sai batun wuta. Busassun ganyayen da suke taruwa a gindinsa suna da ƙaro, suna kamawa nan da nan, ƙaramin dashe kuwa ba ya jure wa gobara. Kafin hunturu ya shigo, a share hanya mai faɗi kewaye da itatuwan, kada kuma a ƙone shara kusa da su.